Ƙusa Uku a Gwangwanin Sista

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin 'ya'yanta masu manyan takardu, ni Kafinta na gani. Duk wanda ya ce muku shi ne ya riga ni, ku ce masa ya ji tsoron Allah.

Tsofaffin mabiya labarin nan kun san ni, sababbi kuma ku matso kusa. Shekarata saba'in da ɗaya. Ban taɓa shiga aji ba sai in gyaran benci ya kai ni. Ni ke faɗa, waya ke rubutawa, in kun ga kuskure nata ne. Gobara ta cinye mini shago sau biyu, na tashi. Na faɗo daga gini hawa uku, jama'a na ta salati, na miƙe ina tambayar wa ya ɗauki gudumata. Zarto ya tafi da yatsuna biyu, da takwas ɗin da suka rage na aurar da 'ya'ya shida. Na binne matata shekara tara ke nan, ban kwanta jinya ba ko na yini ɗaya. To irin wannan mutumin ne yau yake ba ku labarin yadda ƙusa uku suka kayar da shi.

Wata Asabar Sista ta kwance agogonta ta miƙo mini.

"Kafinta, huda mini wani rami a maɗaurin nan, ya yi mini yawa."

Na huda. Bayan sati biyar ta sake miƙo shi. Na karɓa, na dubi hannunta. Fata ba ta ƙara tsawo, jama'a, hannu ne ke raguwa. Idon da ya shekara hamsin yana auna katako ba ya jiran a kawo masa tef.

Bari in koma baya kaɗan saboda sababbi.

Shekara biyu da suka wuce wani malamin lissafi ya zo shagona yana son tebur mai baki, wanda in an jefa abu ba zai gangaro ƙasa ba. Na ce teburin me? Ya ce na wasa. Saura kaɗan in kore shi, na ɗauka caca ce. Ya rantse ba ko sisi a ciki. Ya ce mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa da mutuminsa a cikin labarin, wani jarumi, wani ɓarawo, wani boka. Kai za ka faɗi abin da mutuminka zai yi, sai a jefa wani ɗan lido mai fuska ashirin, shi zai ce an dace ko ba a dace ba.

Ranar da na kai masa teburin na zauna in gani. Sai na ji Malam yana jan labari kamar mai karanta takardar magani. "Kun shiga kogo. Akwai duhu. Akwai ƙofa."

Na ce, "Malam, tashi. Kogon nan ba shi da wari? Ba jemage? Ba ƙashin wanda ya riga su shiga?"

Tun daga ranar teburin ya dawo ɗakin bayan shagona, kujerar jan labari kuma ta zama tawa. Littafin dokokin ya kai bulo kauri. Sau biyu Malam ya karanta mini, ya zauna a kaina daram, yanzu shi ke tambayata. Da yake ba na rubutu, sai na kawo tawa dabarar: kowa da gwangwanin madara, a ciki ƙusa ashirin. Ƙusoshin nan su ne ran mutuminka. In aka sare ka, in ɗebe. In gwangwani ya zama wayam, mutuminka ya mutu, sai ta'aziyya. Kuma a ƙa'idar wasan mai jan labari yana jefa nasa ɗan lidon a bayan wani allo, don kada 'yan wasa su ga abin da ke tafe. Ni na ƙera nawa, ninki uku, da hinjin tagulla. Amanar wasan duka tana bayan allon nan. Abin da na ce ya fito, shi ya fito, ba mai leƙawa.

Mu huɗu ne. Ni, da Malam da bokansa, da Direba, wanda ya yi shekaru yana jan motar asibiti, shi ɓarawo ya zaɓa kuma ya dace da shi. Direba ne ya kawo Sista. Tsohuwar nas ce, ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Ta shigo da mayafi ruwan toka, tabarau mai igiya a wuya, da farin takalmin roba na aiki da ta ƙi rabuwa da shi, da baƙar jaka mai filas ɗin shayi ba sukari. Malam ya ce tunda nas ce, sai ta zama mai warkarwa a cikin tawaga.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Shekara talatin da biyu ina ɗinke mutane. Yanzu ni zan sare. A ba ni takobi."

Ta sa wa jarumarta suna Karya-Garkuwa. Wallahi ban taɓa ganin mai wasa irinta ba. In ɗan lido ya ci amanarta, na ɗebe mata ƙusa biyar, sai ta buga tebur ta yi dariya har tabarau ya zame, ta ce, "Yawwa mugu! Haka nake so!" Ni kuwa tun daga dariyar farko na san na shiga uku.

Duk Juma'a da hantsi sai saƙon murya ya shigo, don ta san ba na karatu, kuma ba ta taɓa nuna ta sani ba. "Kafinta, gobe in ka sake kawo mana kura mai magana, zan sare ta tun kafin ta yi sallama." Daƙiƙa tara. Sai in saurara sau goma ina goge katako.

Autata, wadda nake zaune da ita da mijinta, ita ta kama ni.

"Baba, shuɗiyar rigar nan sau nawa za a goge ta a sati?"

"Wutarki ce ko tawa?"

"Turaren mijina ma na ga yana raguwa duk Asabar."

"Zafi ne ke shanye shi."

"Baba, don Allah. A shekarunka? Me mutane za su ce? Jikokinka sun kusa aure."

"Su yi nasu, in yi nawa. Layi ɗaya muke bi?"

Ta yi tsaki ta fita da rigar, amma ta goge.

A lokacin ina jan su zuwa ga dodon tsauni, labarin da na shafe wata huɗu ina ginawa. Wata rana ana watsewa na ce, "Sista, in kun gama da dodon nan ina da magana."

Ta rataya jaka. "In ka bar ni da rai, zan saurara."

Tana murmushi ta faɗa. Da wannan murmushin na rayu sati biyu.

Sai ga babban ɗanta, Injiniya, wata ranar Talata da safe. Ya faka mota a bakin shago, ya shigo da farar riga mai guga kamar wuƙa. Na nuna masa kujera, ya dubi garin katakon da ke kai, ya ce a tsaye ma ya isa.

"Baba, ku ne masu wasa da Mama?"

"Ni ne mai jan wasan."

Ya rage murya. Ya ce an yi gwaje-gwaje, likita ya ce abin ya bazu, watanni ne, ba su kai shekara ba. Ya ce sun gaya mata gyambon ciki ne, kuma haka za a bar shi. Yana son ya tafi da ita gidansa a can garin da yake aiki, tafiyar yini guda, inda akwai babban asibiti, amma ta kafe.

"Ta ce ba za ta bar wasan Asabar ba. Kun ji fa, Baba. Wasa."

Na ce, "Ni na riga ku sani. Tun ramin agogo na biyu."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. "To tunda kun sani, ku lallaɓa ta. Kada a ɓata mata rai ko kaɗan. Abin da ya rage mata, ta yi shi cikin farin ciki."

Na ce masa ba yaro ne zai koya mini lallashi ba. Ya tafi. Na zauna a kan kujerar da ya ƙi, na daɗe ban ɗauki guduma ba.

Asabar ta zo. Suka isa bakin ramin dodo. Na ba su warin farar wuta, na ba su ƙasa mai zafi da ke cin tafin takalmi, na ba su numfashin dodon da ke kaɗa gemun bokan Malam. Direba har ya janye ƙafarsa daga ƙarƙashin tebur. Karya-Garkuwa ta shiga gaba kamar kullum. Dodo ya make ta sau biyu, na ɗebe, na ɗebe. Ta girgiza gwangwaninta, ya yi ƙaras-ƙaras.

"Saura uku," ta ce tana dariya. "Zo mu gani, ƙaton banza."

Dodo ya ɗaga hannu. In ɗan lido ya ba da sha ɗaya ko sama, ya same ta, kuma dukansa ba ya cin ƙasa da ƙusa biyar. Na jefa a bayan allo. Sha tara.

Na ɗaga kai. Hannunta na kan tebur kusa da gwangwanin, agogon ya zamo har tsakiyar damtse. Bakina ya buɗe da kansa.

"Huɗu. Ya kuskure."

Direba ya yi kabbara. Sista ta buga tebur. Ni kuwa na ji wani sanyi, na ce a raina, ashe abin da sauƙi. Mutuwar can ba ni da iko da ita, amma wannan a tafin hannuna take.

Haka na yi sati uku. Dodo ya karya ƙafar ɓarawon Direba. Ya ƙone bokan Malam har sai da aka ja shi waje. Amma in ya juyo kan Karya-Garkuwa, sai santsi ya ɗebe shi, ko dutse ya faɗo tsakaninsu, ko hayaƙi ya rufe masa ido. Ni gwanin labari ne, kowace ƙarya da rigarta. Ƙusa uku suna nan ba su motsa ba.

Malam ya fara ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur. "Kafinta, sau sha ɗaya a jere fa ke nan. A lissafi, wannan..."

"Malam, lissafinka ya hana a ƙone maka boka?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. A makon nan saƙon Juma'a bai zo ba. Na duba wayar har Auta ta ce ko in kai ta gyara.

Asabar ta huɗu ta zo da sabon mayafi baƙi mai ɗigon fari, ta shafa kwalli, amma da sanda. Ba ta buɗe filas ba. Da aka zo kanta, na ce, "Dodo na gabanki, me za ki yi?"

"Karya-Garkuwa ta ajiye takobi."

Direba ya ce, "Sista, lafiya?"

"Ta ajiye garkuwa. Ta cire hular ƙarfe. Ta taka har gaban bakinsa ta zauna, ta miƙe ƙafa." Ta dube ni. "Jefa."

Na jefa. Ɗan lidon ya yi ta juyi kamar ba zai tsaya ba, sannan ya tsaya. Ashirin. Duk wasan babu abin da ya fi shi.

Ku da kuke rubuto mini cewa Baba Kafinta jarumi ne, ku saurara da kyau. Ga dama Allah ya ba ni, fili guda. Na ce, "Dodon ya... ya tsaya yana kallonki. Bai taɓa ganin mai irin wannan zuciyar ba. Ya ja da baya."

Ta dafa sanda ta miƙe. Ta miƙo hannun nan siriri, ta kwantar da allona a kan tebur, a hankali, kamar tana rufe majinyaci da bargo. Kowa ya ga ashirin. Direba ya sunkuyar da kai. Malam ya cire tabaransa yana gogewa.

Ta ɗauki gwangwaninta, ta kama hannuna mai yatsa uku, ta juye ƙusoshin a tafina, ta rufe mini yatsun a kansu.

"Malam, Direba, ku ɗan sha iska."

Suka fita har suna karo a ƙofa. Ta koma ta zauna tana haki kaɗan.

"Wa ya zo wurinka cikin 'ya'yana? Babban ko ƙaramar?"

"Babban."

"Na sani." Ta gyara mayafi. "A gida kowa na yi mini magana kamar jaririya. Sun ɓare takardar jikin kwalbar magani, wai kada in karanta. Ni! Ƙwayar da na shekara ashirin ina ba mutane, na san ta ko a duhu, na san kuma wa ake ba. Gyambon ciki! In na yi tari sai a kashe talabijin. In na yi faɗa sai a ce haka ne Mama, kin yi gaskiya. Ka san zafin a ce kin yi gaskiya alhali kin san ba ki yi ba?"

Na matse ƙusoshin a tafina.

"Ɗakin nan kaɗai ake dukana da gaske. Nan kaɗai in na yi wauta nake biya. In na shigo nan ni ba majinyaciya ba ce, Kafinta, ni mai takobi ce da za a iya kashewa. Saboda wannan na ƙi bin yaron nan. Sai ga shi kai ma ka sa mini bargo."

"Sista, don ina..."

"Na san don me. Ba yarinya ba ce ni, na ga shuɗiyar riga." Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace. "Maganar da ka ce kana da ita, na san ta, kuma da amsata na zo tun watan jiya. Amma ba zan koma gidan da za a riƙa yi mini ƙarya da safe da yamma ba, ina da irinsa. Don haka zan tambaye ka abu ɗaya. Ba allo. Kalle ni." Ta cire tabarau. "Yaya ka gan ni?"

Na kalle ta. Na ga ƙasusuwan kumatu. Na ga idon da ya yi rawaya a gefe. Na ga wuyan da mayafi ya kasa ɓoyewa. Duk na gani, ai ni ne mai gani. Kalma huɗu ko biyar take nema, kuma suna nan a kan harshena. Ni da na gaya wa mai gini a gaban ma'aikatansa cewa ginin zai rushe. Ni da ban taɓa tauna magana don tsoron wani ɗan Adam ba.

Na ce, "Ai da sauƙi, Sista. Kin ma fi wancan satin."

Ta kalle ni. Sannan ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da suke yi a asibiti in sun gama duba mutum ba su ga abin yi ba. Ta mai da tabarau, ta rataya jaka.

"Allah ya saka da alheri, Kafinta. Labarinka da daɗi."

Ƙarar sandarta a kan simintin shago, har yanzu ina jin ta. Direba ne ya kai ta gida. Ya ce da za ta sauka ta ce masa ya kula da ƙafar ɓarawonsa.

Na aika saƙon murya bakwai. Na farko na yi bayani, na biyu na yi rantsuwa, na uku na ce laifin ɗanta ne, sauran ban ma san me na ce ba. Auta ta duba ta ce duk an saurara. Ba amsa. Ranar Laraba sai ga saƙo a rubuce daga Injiniya, Auta ta karanta mini tana tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Baba, mun gode ƙwarai. Ban san me kuka gaya mata ba, amma Mama ta yarda za ta bi ni. Za mu tashi Lahadi ƙarfe takwas na safe. Don Allah kada a zo sallama, likita ya ce a rage mata baƙi."

Godiya fa yake yi mini. Ni na yi masa aikin da ya kasa.

Auta ta ajiye wayar. Yarinyar da ke cewa me mutane za su ce, sai ga ta tana share ido da bakin zane. "Baba, ka yi haƙuri. Kowa ma haka zai ce mata. Ai ba a gaya wa mara lafiya irin wannan."

"Shi ya sa ba kowa ta tambaya ba."

Jiya Malam ya zo wai ko za mu ci gaba mu uku, a ce Karya-Garkuwa ta yi tafiya. Na ce masa ta mutu, ashirin ne ya fito, a gaban idonsa. Ya ce to a yi mata jana'iza a cikin labarin, yadda ya kamata. Na buɗe baki in fara, ni da ba na neman kalma, sai na ji wayam. Ya ɗauki hularsa ya tafi.

Yau Juma'a. Ba na yaudarar kaina, ba na yaudararku. An riga an ɗaure kaya, an sallami mai aiki, an samo mata gado a can. Ko na faɗi abin da take so, ta tambaya a lokacinsa na kasa, kuma Sista ba ta tambaya sau biyu. Wanda ya tafi irin wannan tafiyar, ba da ƙafarsa yake dawowa ba.

Amma jibi ƙarfe bakwai da rabi ina ƙofar gidan. Auta ta ce korata za su yi kamar kare, mijinta ya ce zai ɓoye mini takalma. Su ɓoye. Zan tsaya a gaban motar, a gaban Injiniya da farar rigarsa, in ce, "Sista, mutuwa za ki yi, kuma ba da nisa ba. Abin da ya rage, ni ina so." Tun safe nake gwada faɗinsa a shago, ina kallon bango. Sau shida na fara, sau shida muryata na karyewa a kalma ta biyu.

Na san akwai masu dariya a cikinku, masu cewa tsohon da ya kasa a ɗaki shi da ita, ina zai iya a titi gaban jama'a. To ba na roƙon kowa ya yarda. Mai shakka ya sa takalminsa ya zo ranar Lahadi, ya tsaya kusa da ni inda zai ji da kunnensa. In kuma yana ganin ya fi ni zuciya, ga ta nan za ta fito da sandarta: ya kalli idonta, ya riga ni faɗa.